Tarwada ce ta zaɓi safar golf

Jama'a, yau ni da ban yi boko ba na warware wa injiniya matsala!

Ina cikin gyaran tarwada sai ɗana Sani injiniya ya shigo da safar hannu kala biyu, fara da baƙa, yana ta juya su. Wai ranar Asabar ana ruwa sandar golf ta suɓuce masa, saura kaɗan ya fasa kan ogansa. Gobe kuma za su sake bugawa, ya rasa safar da za ta fi riƙe sandar.

Ya ce, "Hajiya, wannan ba fanninki ba ne."

Ni? Na zura farar, na cafki tarwada mai rai a baho. Ta zille. Na zura baƙar, na damƙe ta, ko motsi.

Ya ce, "Hajiya, ƙarni fa."

Na ce, "Zaɓi, ƙarni ko kan oga."

Ya miƙo hannu. Na ce ya jira, saura tarwada uku.