Takardar Asali da Tafiyar Manaja

Shekara goma sha ɗaya matar da ake kira 'Yar Kwafi ta yi tana aiki a wani ɗan shago da ke kallon ƙofar kotu. Shagon bai wuce taku huɗu ba: injin kwafi biyu, ɗaya mai launi, sai teburin buga takardu da bencin masu jira. Magatakardan lauyoyi, ɗalibai, da matan da ke bin haƙƙin mazajensu da suka rasu, duk ta hannunta takardunsu ke bi. A nan na san ta, ina kai mata tsofaffin takardu masu rauni waɗanda ba kowa nake bari ya taɓa ba. Takan goge gilashin injin kafin ta ɗora kowace, kuma ban taɓa ganin ta lashi yatsa don juya shafi ba. Abin da ke biye daga bakinta na ji shi, lokacin da ta zo ganin gida shekara biyu bayan ta bar ƙasar, matar wan mijinta kuma ta tabbatar mini da mafi yawansa.

Mijinta mai walda ne. Ya tafi wata ƙasa aiki a wurin gyaran jiragen ruwa tana da cikin wata biyar, saboda haka bai taɓa ɗaukar ɗansa ba, a waya kawai yake ganinsa. Yaron a shagon ya tashi, zaune bisa kwalin takardu yana hararar masu shigowa, har magatakardan suka laƙaba masa Manaja. Wata goma sha huɗu aka yi ana neman izinin da zai ba uwa da ɗa damar bin mai walda. Da izinin ya fito, sai ya zo da wa'adi: idan ba su shiga ƙasar ba kafin wata ya ƙare, ya mutu, sai a koma farko. Kujerun da suka samu na ranar ashirin da tara ne, jirgi na gaba kuma sai bayan kwana huɗu. Cikin sharuɗɗan fita da ƙaramin yaro akwai takardar yardar uba. Mai walda ya sa mata hannu a can gaban jami'i, aka danna mata hatimi mai tudu, irin wanda yatsa ke ji kafin ido ya gani, ya aiko da ita.

A nan ya kamata a san Yaya Babba, wan mijin, tsohon mai kula da sito a wata ma'aikata. Tun rasuwar mahaifinsu yake ajiye takardun dangi a akwatin ƙarfe ƙarƙashin gadonsa: na haihuwa, na makaranta, na gida. Kowace sabuwar takarda sai ya kai an manne ta cikin leda kafin ta shiga akwatin, kuma dokarsa ɗaya ce, ta asali ba ta fita, mai buƙata ya karɓi kwafi. Adalci ne a faɗi cewa cikin shekara talatin ko takarda ɗaya ba ta ɓace wa dangin ba, kuma suna alfahari da hakan.

Saura kwana uku tafiya, Yaya ya ce ta yi masa kwafi mai launi na kowace takarda don akwati, ta kuma kawo masa na asalin ya tsara mata su. Ta yi aikin da kyau, kamar yadda ta saba. Ranar tafiya da hantsi, a cikin mota, ya miƙa mata ambulan. Ta ƙirga: fasfo biyu, tikiti, izinin shiga, takardar yarda. Da ido ta duba, domin hannunta ɗaya na riƙe da Manaja, wanda ke ƙoƙarin buɗe ƙofar mota.

A filin jirgi sun yi kusan awa guda a layi. Manaja, mai shekara biyu da wata huɗu, ya cire takalmi ɗaya ya jefa ƙarƙashin keken kayan wani, ya kwanta a ƙasa sau biyu. Da suka isa gaban kanta, jami'ar ta duba fasfo, ta ɗauki takardar yarda ta shafa babban yatsanta a kan hatimin.

"Malama, wannan kwafi ce. Ina ta asalin?"

"Ita ce ta asalin."

"Taɓa ki ji."

Ta taɓa. Sumul. Sai ta hangi ɗan siririn layin da injinta ke bari a gefen hagu na kowace takarda, wanda ita kaɗai ta san da shi.

"Minti arba'in za mu rufe," in ji jami'ar. "In kin kawo ta, kada ki sake bin layi."

Yaya da matarsa na tsaye bayan igiyar da ta raba matafiya da masu rakiya. Ta saɓi yaron ta nufe su.

"Yaya, ina takardar Baban Manaja?"

"Tana hannunki mana."

"Wannan aikina ne, Yaya. Ni na yi ta ranar Talata. Ina ta asalin?"

"Tana inda takardu ke zama."

"A akwati?"

"Haba, Maman Manaja. Takarda irin wannan a ɗauka a shiga duniya da ita, ga yaron da duk abin da ya kama sai ya yaga? In ta ɓace, wa za a tambaya? Ai kwafin ya fi na asalin kyau ma. Hannunki ne fa."

Daga filin jirgi zuwa gida tafiyar awa ɗaya da rabi ce. Ta faɗa masa haka, ta faɗa masa ranar da izinin zai mutu, ko da yake ya sani. Maimakon ya amsa, sai ya ɗaga igiyar ya wuce wurin jami'ar, yana gyara hula.

"'Yata, ni ne babba a gidanmu. Uban yaron nan a bayana ya girma. Kawo biro in sa hannu, magana ta ƙare."

"Baba, ko kai ka raini jirgin, ta asali nake so. Matsa wa mutane."

Ya dawo yana cewa yaran zamani ba su da kunya. Minti goma sha biyar sun tafi. Manaja ya fara kuka yana jan mayafin uwarsa. Yaya ya yi gyaran murya, ya sassauta harshe.

"To, ga shawara. Ke takardunki lafiya lau suke. Ki shiga ki tafi, ki bar mana shi. Ai gidansu ne. In an sake nema masa izini, sai a kawo shi."

Shekara shida tana aure a gidan, ba ta taɓa ɗaga ido ta dubi wannan mutum ba. Ranar ta dube shi.

"In bar shi. Wata goma sha huɗu ina zarya ofis-ofis da yaron nan a baya, ana ce mini dawo gobe. Ko sau ɗaya ka raka ni? Ubansa bai san nauyinsa a hannu ba. In sauka a can in ce masa me? Ga ni, ɗanka kuwa yana akwati tare da takardar gida?"

"Ki iya bakinki."

"Na iya shi shekara shida, Yaya, ga inda ya kawo ni. Ka tambaye ni kafin ka musanya? Ka ce mini, ga abin da na yi? Ka sa na yi da hannuna, ka miƙo mini a rufe, kana mini addu'ar sauka lafiya."

Mutane sun fara juyowa. Wani mai tura kaya ya tsaya da kekensa. Yaya ya ce shi ba zai tsaya mace ta tara masa jama'a ba, ya juya zai tafi wurin mota. Matarsa ta riƙe hannun rigarsa.

"Malam, fiddo ta."

"Me zan fiddo?"

"Wadda ka sa a aljihun ciki da safe. Ka ce in mun juyo za mu biya a yi mata leda."

Saura minti goma sha bakwai. Yaya ya sa hannu cikin riga ya zaro takardar, naɗe a cikin shafin jarida. 'Yar Kwafi ba ta fizge ba. Ta miƙa tafin hannu, ya ɗora, ta shafa hatimin da yatsa.

"In kin isa, ki aiko da ita," in ji shi.

Ba ta yi masa sallama ba. Ta rungumi matarsa da hannu ɗaya, ta wuce. Rashin sallamar nan shi ne abin da dangin ke riƙe da shi a kanta har yau, kuma an fi maimaita shi fiye da abin da ya jawo shi.

Ba ni da hujjar cewa Yaya ya shirya raba ta da yaron. Matarsa ta rantse mini cewa bai san za a ƙi kwafin ba, kuma na yarda da ita. Amma abin da ba ya buƙatar hujja shi ne, mutumin ya tsaya fiye da minti ashirin da takardar a ƙirjinsa, yana kallon uwa da ɗa, ya gwammace izinin ya mutu ko yaron ya zauna da a ce ya yi kuskure a gaban mutane.

Sauran tafiyar ma ba ta zo da sauƙi ba. A wurin bincike aka karɓe gorar ruwan Manaja, aka sa ta ajiye shi ya bi ta ƙofar na'ura shi kaɗai, ya ƙi, sai da aka yi sau uku. A jirgi ya ƙi zama a kujerarsa, ya ƙi ɗamara. Da jirgin ya ɗaga, kunnuwansa suka toshe, ya riƙe su da hannu biyu yana ihu, ita kuwa ba wanda ya taɓa gaya mata cewa a ba yaro abin tsotsa a lokacin. Mutumin da ke gabansu ya juyo karo na uku.

"Baiwar Allah, ba za ki lallashe shi ba?"

"Ga shi nan, Alhaji. In ka iya, bismilla."

Bai sake juyowa ba. Wata ma'aikaciyar jirgi ta kawo madara a ƙaramin kofi, yaron ya sha rabi, ya zubar da rabi a cinyar uwarsa. Awa shida suka yi a sama. Ta canza masa ƙunzugu a banɗakin da ko juyawa ba a iya yi, ta yi ta kai da komo da shi tsakanin kujeru har ƙafafunta suka kumbura. Takardar tana cikin rigarta, a jikin fata, kuma ta ce ba ta yi minti goma ba tare da ta taɓa wurin ba. Sai da aka ce a shirya sauka Manaja ya yi barci.

A can ma jami'in shiga ya nemi takardar. Ya ɗaga ta ga haske, ya shafa hatimin, ya dubi yaron da ke barci a kafaɗarta, ya buga tambari a fasfo biyu. Dare ya yi lokacin da suka fito. Mai walda na tsaye bakin ƙofar fita da rigar aiki, ya rame fiye da yadda waya ke nuna shi. Ya buɗe hannuwa. Manaja ya farka, ya ga baƙo, ya cusa fuska a wuyan uwarsa. Ta ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya daga mayafinta, ta ɗora shi a ƙirjin ubansa yana ta tsala kuka.

"Riƙe ɗanka. Hannuna ya mutu."

Mai walda ya riƙe shi da ƙyar, yana dariya, idonsa na zubar da ruwa. Can ya tuna.

"Yaya ya kira ni sau biyar. Wai kin tafi ko sallama babu. Me zan ce masa?"

Ta zauna bisa akwatinta, ta cire takalmi.

"Ka ce masa mun iso. Mu biyu."