Faifan da Baba Ya Ƙi Dawo da Shi

Ƙungiyarmu ta Hausawa 'yan ci-rani da ke unguwar Nombakélé tana da wata tsohuwar kwamfuta a ɗakin bayan masallaci, ni ke kula da ita. A cikinta rumbun bayananmu yake: sunan kowa, garinsu, da lambar wanda za a kira a gida idan ta Allah ta kasance. Ita ce kuma ke riƙe da imel ɗin ƙungiya.

Tsarina faifan adana bayanai biyu ne. Kowace Juma'a in kwafe komai a ɗaya in ba shugabanmu, wani dattijo Badamagare da muke kira Baba, shi kuma ya dawo min da na makon jiya. Juma'ar farko ya karɓa da hannu biyu, ya naɗe a hankici. Daga ranar ban sake sa faifan a ido ba.

"Amana ce, Malam," in ji shi. "Ba a yawo da amana cikin takasi."

Na yi bayani har bakina ya gaji. Shekara uku ina kwafa a faifai ɗaya ina ƙunƙuni, don ni mutum ne mai son tsari, mai kuma saurin hawa. Son tsarin nan ne ya sa wata rana na yi wa rumbun shara. Duk wanda ya shekara biyu bai leƙo taro ba na goge shi, har da wasiƙun da suka shafe shi. Ban shawarci kowa ba.

Sai wani direban takasi, mutumin Nijar, ɗan ƙungiyarmu, ya yanke jiki ya faɗi a unguwar Nzeng-Ayong. Kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa. Ba mata, ba ɗa a nan, wayarsa kuma a kulle. Washegari aka gama takardu, liman ya sa jana'iza bayan la'asar. Baba ya ce ba a binne ɗan mutane danginsa ba su ji ba.

Na kunna kwamfuta, ta ƙi. Ɗauke-ɗauken wutar makon ya ƙone faifan cikinta. Ban damu ba, na ɗauko tawa na jona kwafin Juma'ar da ta wuce. Rumbu ya tashi, wasiƙu suka dawo. Na buga sunan mamacin, babu. Na san wanda ya yi aikin. Kunya ta rufe ni, amma na faɗa wa Baba gaskiya.

"Rashin zuwa taro ba mutuwa ba ne, Malam," in ji shi. Ya tari takasi ya tafi gidansa a unguwar Awendjé.

Ana kiran azahar ya dawo da faifan, yana ƙamshin turaren akwati. Na jona ina addu'a, ya yi 'yar ƙara, ya buɗe. Ga sunan, ga ƙauyensu a ƙasar Tawa, ga lamba. Muka kira, layin ya daɗe da mutuwa. Na dawo da tsofaffin wasiƙun, ina bin su ɗaya ɗaya, har na tarar da ta wani malamin makarantar ƙauyen da ya taɓa rubutowa yana cigiyarsa. Lambar malamin na ƙasa, muka kira shi.

Malamin ya taka da ƙafa ya kai wa mahaifiyar wayar. Baba ya yi mata gaisuwa. Ta ce, "Ya samu mutane?"

"Ya samu, Inna. Ga su nan suna alwala."

"To kar ku kashe wayar."

Ni na riƙe wayar a sahu, a saitin ƙirjina. Kabbara huɗu liman ya yi, kowacce ina jin tsohuwar tana maimaitawa a hankali.