Farantan da Kawu Ya Wanke

Tun kafin a haifi Auta, Kawu Sabulu yake wanke kwalabe a ɗakin gwaje-gwajen asibitin. Gajere ne, yatsunsa sun koɗe saboda ruwan wanki, kuma da aikin nan ya yi wa 'ya'yansa makaranta. Ƙa'idarsa ɗaya ce: duk farantin da aka shuka ƙwayar cuta a kai, in ya kwana biyu bai nuna komai ba, ya zama na wanki. Ba a taɓa samunsa da laifi ba, don yawancin ƙwayoyin cuta kwana ɗaya ya ishe su cika faranti.

Auta ta zo da sabon digirinta, aka ɗauke ta aiki na wucin gadi. Hajiya Oga, shugabar ɗakin, ta faɗa mata a tsaye: in ta tsirar da ƙwayar cutar maikoplasma daga kakin masu tarin nan da ya ƙi jin penisilin, kujerar tata ce. In ta kasa, akwai masu jira.

Ita kuwa maikoplasma ba ta san sauri ba. Ƙanƙanuwa ce ko a cikin ƙwayoyin cuta, ba ta da taurin fatar da penisilin yake fasawa, kuma sai ta yi mako biyu ko uku kafin ta nuna kanta. Auta ta shuka, ta jera farantan a akwatin ɗumi. Da ta leƙa bayan kwana uku, akwatin wayam. Ga farantan can a kan kantar wanki, an dafa, an wanke, an kife.

"Kawu, farantaina fa?"

"Ai babu komai a ciki, 'yata. Har fitila na haska."

"Akwai. Ba su fito ba ne."

"Abin da bai fito ba, ina yake?"

Ta yi masa bayani, yana ta gyaɗa kai. Ta sake shukawa. Ya ɗaga mata ƙafa har mako guda, sannan ya wanke, wai kada Oga ta ga 'yar mutane tana ajiye fanko.

Ranar a banɗaki Auta ta yi kukanta. Da ta fito ta kamo hannun rigarsa, ta nuna masa hoton abin a littafi: ɗigo mai tsakiya kamar soyayyen ƙwai. Kawu ya daɗe yana kallo.

"Ikon Allah. To ai da sai ki ce kwancin ƙwai kike yi."

Ta shuka karo na uku, daga nan ya zama mai gadi. Ya sayo kwaɗo ya garƙame akwatin ɗumi, kowa sai ya roƙe shi kafin ya buɗe. Ranar da Oga za ta duba aikin, ya tafi cire haƙori da makullin a aljihu. Oga na kallon agogo, Auta na leƙen ƙofa, har ya shigo da auduga a baki.

Aka ɗora faranti ɗaya a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ga ɗigon nan mai kama da soyayyen ƙwai. Oga ta duba, ta sake dubawa, ta ce Auta ta kawo takardunta gobe a tabbatar mata da kujerar.

Har yanzu in Auta ta ji ƙarar famfo sai ta je ta leƙa farantanta. Kawu kuwa ya daina zubar da komai. Tsofaffin farantai sun cika kantar suna wari, in an yi magana sai ya ce, "Ku bari, wataƙila ba su fito ba ne."