Indararon Gidan Kpébié

Har in bar aikin nan ba zan manta da ranar da na hau rufin wani gida a unguwar Kpébié da bokitin ruwa a hannu ba. Lokacin ni ne mai duba gini a ofishin dillalan gidaje da ke Parakou. Aikina shi ne in bi gida lungu-lungu kafin mai saye ya sa hannu, in faɗa masa gaskiyar abin da na gani.

Mai sayen Hajiya Rakiya ce, 'yar fataken goro daga Djougou. Maigidanta ya samu shanyewar ɓarin jiki, tana son su dawo kusa da asibiti. Abin da ya ja hankalinta a gidan wata baranda ce da aka kewaye da gilashi, aka yi mata rufin roba mai shigar da haske. Ta ce nan Alhaji zai riƙa zama yana kallon tsakar gida.

Tsakiyar rani ne, kuma a rani kowane rufi mutumin kirki ne. Shi ya sa nake kawo damina da kaina. Na kwarara ruwa a rufin barandar, na tsaya ina kallo. Rabi ya bi ta inda indararon ya ci tsatsa ya zubo jikin bango. Sauran kuwa ya miƙe, ya tsallake katanga, ya faɗa gidan maƙwabci.

Fuskar Hajiya ta canja. Ta ce tsatsa ba komai ba ce, ana gyarawa. Amma a Djougou ta ga gidaje biyu sun daina gaisawa saboda indararo, kuma ba za ta kawo majinyaci inda faɗa ke jiransa ba. Ta ɗauki jakarta za ta tafi. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin na san ta daɗe tana yawon neman gida.

Na roƙe ta mu shiga mu ba mutanen haƙuri tukuna, tunda mun jiƙa musu tsakar gida. Muka yi sallama. Mai gidan wani dattijon limami ne, Malam Isiyaku. Daidai inda ruwan ya sauka, sai muka tarar da manyan randuna a jere, gefe guda ga fegin yakuwa da kuɓewa na matarsa.

Da muka ba shi haƙuri, Malam ya yi dariya. Ya ce shi ya roƙi tsohon mai gidan ya juyo masa da bakin indararon, saboda famfon unguwar yakan ɗauke, masu alwala kuma ba sa ƙarewa. Tun da ya ji za a sayar da gidan hankalinsa bai kwanta ba.

"Hajiya, don Allah idan kin saya, kada ki juyar da shi," in ji shi.

Hajiya ta dube ni. "Bon, to shi ke nan. A sa sabon indararo, mai faɗi. Bakinsa ya ci gaba da kallon gidan Malam."

Ku da kuka shigo aikin yanzu, ku koyi duba tsatsa da tsagewar bango, wannan dole ne. Amma duk inda kuka ga ruwa ya tsallake katanga, ku bi shi ku yi sallama kafin ku yanke hukunci. Kafin damina ta faɗi su Hajiya suka tare, kuma Malam ne yake shigowa barandar kullum da la'asar ya ja Alhaji salla a zaune.