Ranar da Jan Fenti Ya Ɓace a Jikin San Baba

Akwai wata ranar damina da na san ko na tsufa har na fara manta sunayen mutane, ita ba za ta fita daga raina ba. An yi 'yan shekaru yanzu, amma har yau idan na hango maza sun taru a ƙofar gida ana ɗaga murya, sai ranar ta faɗo mini a rai. Ita ce ranar da hoton da na ɗauka da hannuna ya kusa sa a ɗaure mahaifina da igiya a kan zargin satar sa.

Lokacin na gama sakandare ina zaune a gida a unguwar Lokuwa cikin Mubi, ba karatu ba aiki. Kawuna, yayan mahaifiyata Dada, tsohon mai hoto ne. Tun da waya ta zo kowa ya zama mai hoton kansa ya rufe shago, amma bai rabu da kyamararsa mai fim ba, kuma ɗakin wanke hotonsa na nan a bayan gida. Da ya ga zaman banza zai lalata ni, sai ya fara koya mini. Hoton baƙi da fari kawai yake yi, wai shi ne hoto, sauran duk kwalliya ce.

Yana da wani ƙaramin gwangwani cike da gilasai zagayayyu masu launi, waɗanda ake murɗawa a bakin kyamara. Filta yake ce musu. Akwai rawaya, akwai ruwan goro, akwai kore, akwai ja. Ranar farko na tambaye shi amfanin launi a hoton da ba shi da launi. Ya yi dariya ya ce kowane gilashi yana haskaka launin da ya yi kama da shi, ya duhunta kishiyarsa. Rawaya yana ɗan duhunta shuɗin sama don gajimare ya fito. Kore yana sa ganye ya yi haske. Ja kuwa shi ne mai ƙarfin cikinsu, yana mai da sama kusan baƙa, gajimare ya tashi fari kamar auduga. Na haddace wannan kamar karatun jarrabawa, amma gaskiya sama kawai nake tunani. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina me jan gilashi yake yi wa jan abu ba.

Baba tela ne, amma duk shekara yakan sayi sa ɗaya ya yi kiwo. A unguwarmu masu shanu kan haɗa su a hannun makiyayi ɗaya ya kai su bakin mayo, wato kogi, don haka kowa yana da shaidarsa ta fenti. Ta Baba zobe ne da jan fenti a ƙugun hagu, tun a kasuwar shanu ake shafawa da zarar an gama ciniki. A shekarar ya sayo wani farin sa mai baƙin kunne, ana gab da faɗuwar ruwan farko. Washegari da la'asar hadari ya taso ta bayan duwatsu, na ga gajimaren ya yi kyau, sai na murɗa jan gilashi na ce Baba ya tsaya da sansa a gindin dogon yaron ƙofar gidanmu.

"Ki ɗauke mu da kyau," in ji shi, yana riƙe da igiya. "Idan ɗaya zai fita da muni a cikinmu, to ya zama ni."

Sau ɗaya na danna, don fim ba ya samuwa da sauƙi. Da muka wanke, hoton ya yi kyau ƙwarai. Sama ta yi baƙi, gajimare ya yi fari tas, san yana sheƙi. Baba ya duba ya ce hularsa ta karkace. Dada ta ce ya fito kamar ango. Ni gajimare nake kallo. Babu wanda ya kalli ƙugun san. Na sa hoton a akwatina na manta da shi. Ba a jima ba iskar ruwan farko ta tumɓuke dogon yaron nan, duk unguwa aka fito aka sassare shi.

Damina ta yi nisa, masara ta kai ƙirji, sai wata safiya da hantsi muka ji sallama mai ƙarfi. Wani dattijo ne Bafulatani daga wajen Sorau, da 'ya'yansa biyu, da 'yan banga. An sace masa farin sa kwanan nan, yana ta bin sawu gari gari, har wani ya ce masa ya ga irinsa a garken unguwarmu. Kafin mu san abin da ake ciki an kwance san Baba an kai ƙofar Jauro, wato mai unguwarmu, Baba na biye ko takalmi bai sa daidai ba. Wanda ya zauna a Mubi ya san kalmar ɓarawon shanu ba abin wasa ba ce. Kafin ka ce me, ƙofar Jauro ta cika. Mu mata muka tsaya a jikin katanga.

Dattijon bai yi ihu ba, kuma wannan ya fi ba ni tsoro. Ya dafa tozon san, ya kira Jauro da sunan girmamawa ya ce, "Barkama, nawa ne. Ni na san shi kamar yaro na. Nawa ba fenti a jikinsa. Duba wannan fenti, sabo ne, ko warinsa bai tafi ba."

Kuma da gaske sabo ne, don ruwan sama yana wanke shi, Baba kan sake bi a kai. Aka nemi dillalin da ya sayar masa, aka ce ya haura Kamaru. Aka tambayi maƙwabta, suka ce sun san Baba da farin sa, amma fararen shanu kamarsu ɗaya, ba za su rantse cewa wannan ne ba. Ban ga laifinsu ba, kowa tsoron bakinsa yake ji.

Sai Baba ya ce, "Barkama, wallahi tun a kasuwa aka shafa masa zoben nan, kafin ruwan farko. Akwai ma hoto. 'Yata ta ɗauke mu washegari, a gindin dogon yaron da ya faɗi." Ya juyo yana nemana, fuskarsa har ta saki. "Ke, maza ɗauko."

Na ruga gida na ɗauko, na miƙa wa Jauro da hannu biyu ba tare da na duba ba. Murna ma nake yi a raina, wai aikina ne zai fid da Baba.

Jauro ya sa tabarau ya duba. Ya daɗe yana dubawa. Sannan ya ce, "Dogon yaron dai ga shi, kowa ya san lokacin da ya faɗi. Amma Malam, ka ce a wane gefe zoben yake?"

"Hagu, Barkama."

"To ga gefen hagu." Ya juya hoton ya nuna wa mutane.

Ƙugun san fari fat. Babu zobe, babu ko ɗigo.

Ban san yadda zan kwatanta ƙarar da ta tashi ba. Babban ɗan dattijon ya ce, "Kun gani? Na hoto daban, wannan daban! Ya sayar da wancan ya kawo namu ya shafa fenti!" Wani daga baya ya ce, "Da bakinsa ya rantse fa. Hoto dai ba ya ƙarya." Na ga shugaban 'yan banga ya sauke igiya daga kafaɗarsa yana warwarewa a hankali. Na ga wani saurayi da Baba ya ɗinka wa kayan Sallah ya sunkuya ya ɗauki dutse. Dada ta riƙe hannuna har farcenta ya shige ni, tana ta salati. Baba kuwa ya juyo. Ni kawai ya kalla. Ba kallon fushi ba ne, kallon tambaya ne, kuma shi ne abin da har yau nake gani idan na rufe ido.

Jauro na riƙe da hoton a sama, sai idona ya faɗa kan saman da ke cikinsa. Baƙa ƙirin. Na ce a raina, ai ranar nan da sauran rana, sama ba ta yi baƙi haka ba. Ni na mai da ita baƙa. Sai maganar Kawu ta dawo mini, cewa gilashi yana haskaka launin da ya yi kama da shi. Jan gilashi, jan fenti, farar fata.

Na fizge hannuna na sake rugawa. Na ji wata tana cewa, "Ga 'yar ma ta gudu." Na dawo da gwangwanin ina haki, na kutsa cikin maza, abin da ban taɓa yi ba, na durƙusa gaban Jauro.

"Ke, koma cikin mata," in ji shugaban 'yan banga.

"Bar ta," in ji Jauro. "Mene ne, 'yata?"

Na so in yi bayani kamar yadda Kawu yake yi, amma maganar ta ƙi jeruwa. Sai kawai na ciro jan gilashin na ce, "Barkama, da wannan na ɗauka. A rufe ido ɗaya, a kalli ƙugun san ta cikinsa."

Ya karɓa kamar wanda aka ba garwashi. Ya cire tabarau, ya kara a idonsa, ya juya wajen san. Ya sauke. Ya sake karawa. Ya sake saukewa. "Ikon Allah," in ji shi. "Zoben ya tafi. Ga shi kuma ya dawo."

"Siddabaru ne!" wani ya faɗa. A nan na ga abin zai koma wata fitinar. Na yi sauri na miƙa masa koren na ce a gwada wannan ma. Ya duba ya ce yanzu kuma zoben ya zama baƙi kamar an zana da gawayi. Sai ya mayar da jan a idonsa, ya shiga bin mutane da kallo ɗaya bayan ɗaya, har ya tsaya a kan shugaban 'yan banga, wanda kowa ya san goro ya rina masa baki.

"Kai, buɗe bakinka." Mutumin ya yi turus, ya buɗe. "To ga shi kai ma haƙoranka sun yi fari. Rabon da in gan su haka tun kana yaro."

Dariya ta ɓarke. Ban taɓa jin daɗin dariyar mutane kamar ta ranar ba. Na ji dutsen nan ya faɗi ƙasa. Gilashin ya shiga yawo hannu hannu, wannan ya kalli jan zaren hular wancan, wancan ya kalli jan rubutun jikin keke.

Dattijon shi kaɗai bai yi dariya ba. Da gilashin ya iso gare shi ya daɗe yana kallon san ta ciki. Sannan ya nemi a ba shi hoton. Ya zagaya ya tsaya daidai inda na tsaya ranar da na ɗauka, yana duban takarda yana duban dabba. Ya bi lanƙwasar ƙaho da yatsa. Ya duba baƙin kunne, da wani ɗan baƙin tabo a ƙarƙashin ido, don baƙi ba ya ɓacewa a kowane gilashi. Babu wanda ya fi shi sanin abin da ake dubawa a jikin sa a duk wurin.

"Shi ne na hoto," in ji shi a hankali. "Lokacin da itacen nan yana tsaye, nawa yana gida." Ya miƙa wa Jauro hoton, ya juya wajen Baba. "Malam, ka yafe ni. Ba nawa ba ne."

Sai ya zauna a ƙasa, a wurin, ya dafe kai. A lokacin na gane shi ma ba mugunta ta kawo shi ba. Da san da aka sace masa yake huɗa, kuma ga damina tana wucewa. Baba ya ce ya yafe, ya aika aka kawo musu ruwa. Ban taɓa jin ko ya samu sansa ba.

Da muka koma gida Dada ta ba ni ruwa a kofi, na sha. Na yi kwanaki ban taɓa kyamarar ba. Da Kawu ya ji labari ya zo ya ce shi ma da ya wanke hoton tare da ni bai lura ba, gajimaren ya ɗauke masa ido. Baba bai taɓa yi mini faɗa a kai ba, ko sau ɗaya. Abin da kawai ya yi, ranar kasuwa ya dawo da gwangwanin shuɗin fenti, ya ajiye a gabana ya ce, "Wannan fa, gilashinki yana cinye shi?" Na ce a'a, da jan gilashi ma ƙara fitowa zai yi. Ya ce to madalla. Tun daga ranar zoben Baba shuɗi ne.

Na koma ɗaukar hoto daga baya, kuma har yanzu ina amfani da jan gilashin idan hadari ya yi kyau. Sai dai kafin in danna, nakan sauke kyamarar in kalli abin da ke gabana da idona, in tambayi kaina me zai ɓace. Abin da ranar ta koya mini ke nan. Hoton bai ƙara komai ba, abu ɗaya kawai ya rage, kuma wannan ragin ya isa a ɗaure mai gaskiya. Shi ya sa yanzu idan aka nuna mini hoton wani a waya aka ce ga shaida, ko aka kawo mini labarin mutum, ba na saurin cewa na gani. Sai na fara tambaya ta cikin wane gilashi aka kalle shi.