Sunan Da Ba Na Faɗa

Shekara tara da aurena, bakina bai taɓa kama sunan surukina ba. Baba nake ce masa. Ko mai tsiren da ke ƙofar ofishinmu a Dutse, da yake takwaransa ne, mai sunan Baba nake kiransa. Sai ga wayata ta yi mini abin da ko maƙiyi ba zai yi ba.

Da za a yi masa aikin ido, ni na cike masa takardun asibiti a wayar, na rubuta sunansa na yanka ya fi a ƙirga. Ashe 'yar banzar haddacewa take. Bayan an sallame shi ya koma Kafin Hausa, wata safiya ina sauri na tura masa saƙon ya jiki. Sai da saƙon ya tafi na duba. Inda na sa Baba, ta cire ta ɗora sunan nan tsurarsa, ba Malam ba Alhaji, kamar ina kiran ƙanena.

Na nemi yadda zan goge shi, babu hali. Wayarsa ƙarama ce, saƙo in ya shiga ya shiga. Na kira maigidana, ya yi ta dariya har da tari, na kashe. Abin da ya fi tayar mini da hankali, Baba ajami kaɗai yake karantawa. Babbar 'yarsa da ke jinyarsa, wadda muke ce wa Yaya, ita ke karanta masa saƙo, da ƙarfi, gaban duk wanda ya zo dubiya. Shike nan, za a ce matar wane ba ta da kunya, boko ya ɓata ta.

Kafin azahar ina cikin motar Kafin Hausa. Duk hanya ina shirya ban haƙuri ina rushewa.

Da na isa, na durƙusa na gaishe shi. Ya ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yata. An karanta mini saƙonki."

Na bi Yaya madafa. Na ce, "Don Allah Yaya, me kika karanta masa?"

Ta ci gaba da tankaɗe. "Ai 'Baba' na karanta masa mana. Ke kina tsammanin ni bakina zai iya?" Sannan ta ɗago ta dube ni. "Amma idona ya gani."

Ba ta sake tayar da maganar ba. Ni kuwa har yau in muka haɗa ido, ni ke fara sunkuyar da kai.