Zomo Mai Ƙwaya Ɗaya

A Tozai, in an gama kai gero rumbu, kakata Inna Dije kan hura wutar kara a ƙofar ɗakinta bayan isha'i. Mu jikoki mu kewaye ta, ita tana ɓarar gyaɗa, tari yana katse mata magana. Ta yini a gona ta gaji, amma ba ta taɓa korar mu ba. Ni take fara tsokana.

"Maigida, matso kusa. Ga ta nan tahe, wanda duk yay yi kwana shi yay yi hasara."

Akwai wata tatsuniya da ta ba mu wadda ban so ba a lokacin, don babu dodo a ciki, babu waƙa.

Wai ruwan farko ya sauka, Gafiya ta kira gayyar shuka. Dila yana sara da sungumi, 'yan shuka suna bin sa, Zomo ke ɗauko iri daga rumbu, Kunkuru kuma aikinsa kawo fura da rana. Har rana ta faɗi ba a ci rabin gona ba. Aka ce wa ya ja mana? Kowa ya nuna Kunkuru, don duk sun ga yadda ya jawo jiki da ƙwarya a ka. Aka kore shi. Washegari aiki bai ƙara sauri ba, ga yunwa kuma.

Sai Gafiya ta ajiye komai, ta hau kan suri ta zauna tana kallo kawai. Nan ta ga Zomo yana wucewa kamar iska, ya je rumbu ya dawo, ya je ya dawo, amma ƙwayar gero ɗaya tak ke bakinsa. Kowane rami sai 'yan shuka sun tsaya jiran sa. Ta ba shi ƙwarya ya ɗebo gaba ɗaya. Sai dai kafin nan laima ta tafi, ƙasa ta bushe.

Na ce, "Inna, Kunkuru fa?"

"Wa za shi biɗo shi? Kowa kunya yaka ji. Ku tashi, bayana ya gaji."

Yanzu a Sakkwato nake, ina gyaran manhajar kwamfuta. Bara aka kira ni wani ƙaramin asibiti a ƙasar Isa, inda mutanen da suka baro ƙauyukansu saboda rashin tsaro ke yin layi tun safe. Kafin a shigar da sunan mutum ɗaya a kwamfuta, jaririn da ke bayan uwarsa ya gaji da kuka. Shugaban wurin ya ce mini da farko sun ɗauka laifin Malama Rabi ne, dattijuwar da ke shigar da sunaye, don da yatsa biyu take bugawa. Sun sallame ta, sun kawo mai saurin hannu. Layi bai ragu ba.

"Injiniya, ko dai sabuwar kwamfuta za mu saya?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, bari in auna tukun. Ba ni taɓa komai sai na gani."

Akwai abin awo da muke liƙa wa manhaja, ya nuna lokacin da kowane sashe ya ci da yawan kiran da aka yi masa. Na liƙa, na zauna gefe aka ci gaba da aiki. Babban sashen da nake zargi, mai adana bayanai, ashe sau ɗaya ake kiran sa ga kowane mara lafiya. Ɓarnar tana wani ɗan guntun sashe mai sauri ƙwarai: duk harafin da aka buga, sai ya koma ya sake karanto sunayen garuruwa kaf. Na sa ya ɗauko su sau ɗaya ya riƙe. Kafin azahar bencin masu jira ya fara yin fili.

Na tambayi inda Malama Rabi take. Aka ce ta bi 'yan'uwanta Nijar, ba wanda ke da lambarta.

Da ina yaro na ɗauka tatsuniyar ta wautar Zomo ce. Yanzu na ga zaman Gafiya a kan suri shi ne mai wuya. Mutumin da ya gaji, layi na kallon sa, ba ya da haƙurin awo, wanda idonsa ya ga yana jan ƙafa shi yake kamawa. Ni sana'ata ke nan, kuma kusan kullum sai an riga an kori wani ake kira na.

Shugaban ya yi ta godiya, ya ce in tsaya in ci abinci. Na ce za ni wuce, hanya ba ta son yamma.